Robar da Ke Juya Akalar Mota: Tarihin Bushin da Ƙafar Bayan Jaguar E-Type

Akwai wata larura da masu riƙe da tsofaffin motocin gudu suka sani sarai. Kana tafe a kan miƙaƙƙiyar hanya, hannunka bai motsa sitiyari ba, amma kana taka totur sai motar ta ɗan karkata dama, kana ɗage ƙafa ta komo hagu. Wani lokaci da ƙara daga baya, ƙwas, kamar an buga guduma a ƙasan kujera. A gudun kilomita 40 abin haushi ne kawai. A gudun kilomita 120, a cikin kwana, kan jiƙaƙƙiyar kwalta, magana ce ta rai.

Sau da yawa mai laifin bai fi dunƙulen hannu girma ba. Wata 'yar roba ce da ke tsakanin ƙarafan ƙafar mota da gangar jikinta, wadda bakanikai ke kira bushin. To me ya sa injiniyoyi za su ɗauki mota mai gudun tsiya su rataya ƙafafunta a jikin roba, abin da kowa ya san yana tsufa yana tsagewa? Amsar tana cikin tarihi, kuma wanda ya san tarihin ya fi saurin gano inda ciwon yake. Za mu bi labarin ta kan mota guda, Jaguar E-Type ta ƙasar Ingila, domin da wuya a samu motar da ta dogara da roba a ƙafar bayanta kamar ita.

Zamanin ƙarfe kan ƙarfe

Motocin farko sun gaji ƙafafunsu ne daga keken doki. Dogon aksul guda ɗaya ya haɗa tayoyin baya biyu, an ɗora shi a kan sifirin mai falle-falle, irin wanda muke gani a ƙarƙashin manyan motoci har yau. Duk lokacin da taya ta hau tudu sifirin ɗin zai miƙe ya ƙara tsawo, don haka dole bakinsa ya samu wurin juyawa. A wurin nan ake sa ƙusar ƙarfe a cikin zoben tagulla. Wannan zobe shi ne bushin na asali.

Matsalarsa ita ce gogayya. Ƙusa tana juyawa cikin zobe, saboda haka sai da giris. Mai mota a shekarun 1920 yana da aikin bin gaɓoɓin ƙasan motarsa ɗaya bayan ɗaya yana ɗura musu giris a kai a kai. In ya yi sakaci, ƙura ta haɗu da ragowar giris ta zama kamar dutsen wasa wuƙa, ta cinye tagullar. Ko da bai yi sakaci ba, ƙarfe ba ya ɓoye sirri: duk tsakuwar da taya ta taka, ƙararta da girgizarta sai sun iso cikin mota.

Yadda roba ta shigo

Ɗanyar roba, wato ƙaron da ake tatsa daga bishiya, ba ta da amana. Da zafi ta yi danƙo, da sanyi ta ƙage. Abin da ya sauya ta shi ne dafa ta da farar wuta, dabarar da Thomas Hancock ya nemi rajistarta a Ingila a 1843, Charles Goodyear kuma ya samu tasa rajistar a Amurka a 1844. A cikin roba akwai dogayen zaruruwa ƙanana da ido ba ya gani, a cukurkuɗe kamar taliya a tukunya. Farar wuta tana ƙulla waɗannan zaruruwa da juna nan da can. In ka ja robar zaruruwan su miƙe, in ka saki ƙullin ya mayar da su mazauninsu.

A shekarun 1920 aka fara sayar da wani irin bushin a Turai da sunan Silentbloc. Bututun ƙarfe biyu ne, ƙarami a cikin babba, an cusa roba da ƙarfi a tsakaninsu har ta kama kowane gefe gam. Sunan ya bi abin, har yau masu Faransanci da shi suke kiran kowane bushin na roba. A Amurka kuwa, kamfanin Chrysler ya ɗora injin motar Plymouth a kan roba a 1931 don rage girgiza, jama'a suka ji bambancin da jikinsu. Sai kuma a 1937 wani injiniya Bayahuden Jamus da ya yi hijira zuwa Ingila, Max Goldschmidt, ya kafa kamfanin Metalastik a birnin Lesta. Sana'ar kamfanin ita ce manna roba a jikin ƙarfe tun a wurin dafa ta, yadda za su zama abu ɗaya.

A nan ya kamata mai karatu ya ɗan tsaya, don duk sauran bayanin a kan wannan gaɓa ya ginu. A cikin bushin na roba babu abin da ke gogar wani. Bututun ciki an ɗaure shi da noti, ba ya motsi. Na waje yana bin hannun ƙafar mota. Idan hannun ya yi sama ko ƙasa, robar ce ke murɗewa a cikin jikinta, kamar yadda ake murɗe tsumma. Ka ga kenan babu buƙatar giris, babu ƙofar da ƙura za ta shiga. Ƙari a kan haka, roba ba ta mayar da duk ƙarfin da aka ba ta, tana mayar da wani kaso ya zama ɗumi, shi ya sa take shanye girgiza.

Amma fa an biya kuɗin wannan jin daɗi. Zoben tagulla hanya ɗaya yake barin ƙusa ta bi. Ita kuwa roba kowace fuska aka tura ta sai ta ɗan ba da kai. Daga ranar da aka sa ta a ƙafar mota, inda taya ke kallo ya daina zama hukuncin ƙarfe shi kaɗai.

Kobentiri, 1961

Motocin gudu na Jaguar da suka gabata, daga XK120 ta 1948 zuwa XK150, duk da dogon aksul da sifirin mai falle-falle suka fito. In tayar hagu ta faɗa rami, ta dama ma sai ta karkace. Shugaban kamfanin, William Lyons, yana son ƙafar baya wadda kowace taya za ta yi motsinta ita kaɗai, kuma wadda za ta yi aiki a motar gudu da motar alfarma baki ɗaya. Aikin ya faɗa hannun injiniya Bob Knight. Masu tarihin kamfanin kan kawo labarin cewa su biyun sun yi cacar fam 5 a kan ko Knight zai iya gama zanen cikin wata guda, kuma Knight ne ya ci.

An nuna E-Type ga duniya a baje kolin motoci na Janiba a watan Maris na 1961, da inji mai silinda 6 na lita 3.8, kamfanin yana tallar gudun mil 150 a awa, wato kimanin kilomita 240. An ƙera fiye da guda 70,000 kafin a daina a tsakiyar shekarun 1970. Ita kuwa ƙafar da Knight ya zana ta fi motar daɗewa: ta shiga Mark X da S-Type da XJ6, ta zauna a ƙarƙashin XJS har 1996.

Ga yadda take. An yi wani kejin ƙarfe, a tsakiyarsa aka ɗaure difarenshiyal, akwatin giyar da ke raba ƙarfin inji ga tayoyin baya. Faifan birki ba a jikin taya yake ba, an dawo da shi ciki, dab da akwatin giyar. Kowace taya tana da hannun ƙasa mai ƙarfi da ya fito daga kejin. Hannun sama kuwa babu shi, shaf ɗin da ke juya tayar shi ne ke yin aikin. Kowane gefe yana da sifirin naɗaɗɗe biyu, kowanne da shokozoba a cikinsa.

Abin lura shi ne, gaɓoɓin hannun ƙasa a kan boris suke juyawa, ba a kan roba ba. Knight ya bar cikin kejin ƙarfe kan ƙarfe don tayoyin su riƙe saitinsu daidai. Sai ya kwashe robar ya kai ta bakin iyaka, tsakanin keji da mota. Kejin gaba ɗayansa yana maƙale da bodi ta kan tubalan roba huɗu na Metalastik masu siffar V, biyu a kowane gefe. Sannan daga kowane hannun ƙasa wata sandar tokare ta miƙa gaba ta kama ƙasan bodi, da ƙaramin bushin a bakinta na baya, da babba a bakinta na gaba. Wato babu inda ƙarfen ƙafar baya ya taɓa ƙarfen bodi kai tsaye. Kukan giya da gurnanin hanya sai sun ratsa roba kafin su kai ga kunnen direba. Abin da ya sa motar ke gudu kamar ta tsere amma tana tafiya lumui kenan.

Baka biyu da ba sa jituwa

Akwai wani abu a cikin zanen da mai kallo zai ɗauka kuskure ne. Hannun ƙasa yana lilo ne daga tsakiyar mota zuwa gefe. Sandar tokare kuma tana lilo daga gaba zuwa baya. Duk abin da ke lilo baka yake zanawa, ba miƙaƙƙen layi ba. Don haka idan taya ta yi sama, sandar tana so ta ɗan jawo ta gaba, shi kuwa hannun ƙasa, da yake a kan boris yake, ba shi da halin bin ta. Da a ce komai ƙarfe ne, da sai wani abu ya lanƙwashe ko ya tsage.

Roba ce ke raba wannan faɗa. Babban bushin na gaba yana ba da kai kaɗan, har ramuka aka bar masa a jiki don ya fi laushi ta wata fuska. Tubalan V ma suna barin kejin ya ɗan juya. Sakamakon haka tayoyin baya suna ɗan sauya inda suke kallo a cikin kwana, da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, kuma an auna taurin robar don motsin ya tsaya a iyakarsa. A nan roba ta tashi daga matashin kai, ta zama ɓangare na lissafin tuƙi.

Sauran kamfanoni ma sun yi karo da wannan gaskiya ta hanyarsu. Motoci da dama na shekarun 1960 da 1970, irin su Triumph TR4A ta 1965 da TR6 da ta biyo baya, sun yi amfani da hannu guda mai ja daga gaba a karkace, a kan bushin biyu. Halin irin wannan hannu shi ne, in direba ya ɗage ƙafa daga totur ko ya taka birki, ƙarfin da ke jan taya baya yakan matse robar har gaban tayar ya buɗe waje. A tsakiyar kwana, hakan na iya sa bayan mota ya zame. Injiniyoyin Porsche sun juya abin a motarsu 928 da ta fito a 1977: suka tsara gaɓar gaba ta hannun yadda ƙarfin nan ɗaya zai sa tayar ta kalli ciki, motar ta ƙara natsuwa. Suka sa wa tsarin sunan Weissach, garin da cibiyar bincikensu take. Sun karɓi laushin roba a matsayin abin aiki, suka nuna masa inda zai bi.

Yadda roba ke mutuwa

Ƙarfe yana cinyewa ne da yawan tafiya. Roba kuwa da shekaru take tsufa, ko da motar tana ajiye a rufe. Iskar oksijin tana ci gaba da ƙulla zaruruwan nan fiye da kima, robar ta taurare ta rasa danƙonta. Zafi yana hanzarta abin; ƙa'idar da masu ilimin sinadarai ke yin kirdado da ita ita ce ƙarin digiri 10 na iya ninka saurin irin wannan sauyi. Shi ya sa bushin ɗin motar da aka shigo da ita daga ƙasar sanyi ba ya jimawa a zafin Sakkwato ko Agadas kamar yadda zai jima a can.

Sai iskar ozon, wadda ke datse zaruruwan a duk inda robar take a miƙe, ta bar ƙananan tsagu a jere. Ɓarnarta ta fito fili ƙwarai, har a farkon shekarun 1950 masanin sinadarai Arie Haagen-Smit ya riƙa lanƙwasa 'yan ƙyallayen roba yana duba tsawon lokacin da za su ɗauka kafin su tsage, don auna yawan ozon a hazon birnin Los Anjalis. Na uku shi ne mai. Robar bishiya tana shan man inji da man giya, ta kumbura ta yi laushi kamar tuwo.

Yanzu dubi inda Knight ya ajiye robobinsa. Kejin yana ɗauke da faifan birki masu zafi, salansa na bi ta ƙarƙashinsa, ga akwatin giya da kan yi yoyon mai idan zafin birki ya gasa robobin toshiyarsa. Wuri ne da maƙiyan roba suka yi mahaɗa. Tubalan V ba tsagewa kawai suke yi ba, robar kan saki ƙarfen da aka manna ta a jiki. Muddin nauyin mota na danne su ba za a gane ba. Ranar da aka ɗaga bodi da jak, sai a ga kejin ya yi ƙasa ya bar mota.

Abin da tarihin ke koya wa mai gyara

Farko, a saurari motar. Karkata da ke sauya gefe tsakanin taka totur da ɗage ƙafa tana nuna gefe ɗaya ya fi ɗaya laushi: ƙarfin inji ya tura tayar gefen gaba fiye da 'yar'uwarta, kejin ya karkace, bayan mota ya tuƙa kansa. Wurin dubawa shi ne bushin ɗin sandar tokare da tubalan V.

Amma ba kowace ƙara ce ta roba ba, kuma nan ne ake asarar kuɗi. Tunda shaf shi ne hannun sama, in aka ɗaga taya aka kama ta sama da ƙasa aka girgiza ta yi wasa, to a tuhumi gaɓoɓin shaf ɗin, ko boris ɗin taya, ko na bakin akwatin giya. Sabon bushin ba zai taɓa wannan ba. Haka kuma tayoyin E-Type masu wayoyi a kan haƙora suke zama, da noti guda a tsakiya. In haƙoran sun cinye, su ma suna yin ƙwas ɗin nan lokacin tashi ko birki.

Na biyu, ido kaɗai ba ya wadatarwa. Ƙananan tsagu a fatar roba ba lallai su zama mutuwarta ba, kuma wadda ta yi kyau a waje tana iya kasancewa ta saki ƙarfenta a ciki. Ana sa ƙarfen banƙara ne a tura, ana kallon layin da roba ta haɗu da ƙarfe. A tabbata motar tana kan matokarai masu ƙarfi, kejin ma an tallafe shi daban, don ba a shiga ƙarƙashin mota a kan jak kaɗai.

Na uku, a duba abin da bushin ɗin ke riƙe da shi. Wurin da sandar tokare ke kama ƙasan bodi sananne ne wajen tsatsa a wannan mota. Sabuwar roba a jikin ruɓaɓɓen ƙarfe ado ne kawai.

Na huɗu, wurin ɗaurewa. Tunda robar murɗewa take yi, matsayin da aka ɗaure notinta a kai shi ne wurin hutawarta. In aka ƙarasa ɗaurin alhali taya na reto a sama, ana sauke motar robar za ta zauna a murɗe dare da rana, ta mutu da wuri. Sai nauyin mota ya zauna a kan ƙafafunta ake yin ɗaurin ƙarshe. Babban bushin mai ramuka kuma yana da fuskar da ake sa shi, ba a juya shi yadda aka ga dama. Wajen cusawa, ruwan sabulu ko man da aka yi don roba ake shafawa, ban da giris na fetur. A sauya gefe biyu tare, a nemo inda mai ke yoyo a toshe, sannan a sake duba saitin ƙafa. Kuma kada kwalin asali ya ruɗi mai saye: robar da ta shekara 40 a kan kanta tsohuwa ce, ko da ba a taɓa sa ta a mota ba.

Gardamar foliyuretan

A shekarar da aka kafa Metalastik, 1937, Otto Bayer da abokan aikinsa a Jamus suka haɗa sinadarin foliyuretan. Yau da shi ake yin jajaye da shuɗɗan bushin da ake tallata wa masu tsofaffin motoci. Yana da hujjarsa: ya fi robar bishiya jure mai da ozon, ana iya yin sa da tauri, tuƙi ya ƙara kaifi.

Sai dai mafi yawan irin wannan bushin ba a manne yake da bututun ciki ba, juyawa yake yi a kansa. Wato an koma gogayya da giris, irin ta zamanin tagulla, kuma in giris ya bushe sai ƙara. A gaɓar da motsinta hanya ɗaya ce, wannan ciniki ne da mai mota zai iya auna wa kansa. A gaban sandar tokaren E-Type lissafin daban ne, don aikin robar wurin shi ne sasanta baka biyun nan da ba sa jituwa. In aka taurara ta fiye da kima faɗan bai ƙare ba, ya koma kan ƙasan bodi da tubalan V ne. Masu shirya motar don tsere sun san haka. In za su ɗaure kejin gam, sukan sauya mazaunin sandar gaba ɗaya, su kawo gaɓarta ta gaba kan layi ɗaya da gaɓar hannun ƙasa ta ciki, don su biyun su yi lilo tare.

Saboda haka kafin a zare tsohon bushin a jefar, tambayar da ta dace ita ce wane motsi mai zanen ya so ya bari a wannan wuri, wane kuma ya so ya hana. A E-Type amsar a rubuce take a jikin ƙarfen tun 1961: boris a cikin keji inda ake son daidaito, roba a bakin iyaka inda ake son sassauci. Duk gyaran da ya kiyaye wannan rabo, motar za ta bi sitiyari kamar yadda ta bi shi ranar da ta bar Kobentiri.